Maganin Barci Da Hankalin Tsoho Bayan Fiɗa

Akwai wata magana wadda kusan kowanenmu ya taɓa ji, ko a gidansu ko a maƙwabta. Sai ka ji an ce, "Ai wane tun da aka yi masa aiki a asibiti bai koma daidai ba." Ko kuwa a ce, "Tsohuwa ta shiga da hankalinta, ta fito babu." In an faɗi haka kowa sai ya kaɗa kai, a ce ai tsufa ne, a bar zancen. Saboda jin irin wannan magana, tsofaffi da yawa sun gwammace su zauna da gwaiwa, ko yanar ido, ko toshewar fitsari, har ciwon ya kai su kushewa, da a kwantar da su a yi musu fiɗa. Shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in faɗa wa 'yan'uwana abin da na gani da idona, da abin da na tambayo, da wanda na karanto game da wannan al'amari.

Kada wani ya ce, "Mu da mu ke koyon malanta, ina ruwanmu da zancen likitoci?" Ku tuna fa, in mun gama aka rarraba mu, wani zai sami kansa a garin da ba likita sai an yi tafiyar yini. A can malamin makaranta shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne mai karanta katin asibiti, shi a kan miƙa wa ƙunshin magani a ce, "Malam, duba mana, sau nawa aka ce a sha?" Ko a gida ma, in tsoho ya kwanta asibiti, wa a kan ce ya je ya kwana da shi? Ai ɗan makaranta ne, don shi ke jin Turancin likita. To, ashe da ruwanmu.

Mu mazauna Gomari ne, can wajen hanyar filin jirgin sama a nan Maiduguri. Amma asalinmu kudancin Borno ne, tashin hankali ya koro mu a shekarar 2014, muka iso da abin da ke jikinmu kaɗai. Kakana na wajen uba tsohon malamin makaranta ne. A Waka, kusa da Biu, ya koyi malanta, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da alli, shi ne kuma ya kama hannuna ya kai ni makarantar mishan ran da na fara karatu. Shekarunsa sun kai 80, amma in ka gan shi da la'asar a gindin dogonyaron ƙofar gidanmu, yaran unguwa sun kewaye shi da littattafan lissafi, ba ka ce ya bar aiki ba. Kafin yaro ya gama rubuta lissafin, shi ya riga ya fitar da amsa a ka. Tsakanina da shi kuwa sai wasan jika da kaka. Ba ya kirana da sunana, sai "ɓarawon mata", wai ina neman in ƙwace masa matarsa, watau kakata.

A cikin watan Afrilu na 2025, lokacin da zafin Maiduguri ya kai matuƙa, sai ya zame a makewayi ya faɗi. Ƙashin cinyarsa ya karye daga can sama, inda ya ke shiga kwatangwalo. Waɗansu suka ce a kira mai ɗori, amma irin wannan karaya tana can cikin nama inda kara ba ya kamawa. Aka kai shi wani asibiti a cikin gari. Likitoci suka yi masa allurar gadon baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, suka yi aiki, aiki kuwa ya yi kyau. Da maraice ma har ya nemi kunu, ya tambayi nawa aka biya, ya ce an yi tsada.

A makon nan ina wajen gwajin koyarwa, saboda haka ƙanen mahaifina, wanda mu ke kira Baba Ƙarami, shi ya riƙa kwana da shi. Barci ya ƙi tsoho. Ga zafin ƙafa, ga zafin gari, ga fitila a kansa har gari ya waye, ga robar fitsari, ga nishin sauran marasa lafiya. Tausayi ya kama Baba Ƙarami, ya fita ya sami wani mai kemis, ya ce yana son maganin barci na tsoho. Aka ba shi 'yan ƙananan ƙwayoyi. Ya riƙa ba shi biyu biyu kowane dare har dare uku, bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa wannan ba wani magani ba ne da za a dami likita a kansa.

Ran Juma'a na karɓi jinya. Abin da na gani a daren nan ba na fatan wani ya ga kakansa a cikinsa. Bayan magariba sai ya fara kiran rajista, yana jero sunayen yaran da ya koyar tun ba a haifi mahaifina ba, yana tsawata wa sauran marasa lafiya su miƙe tsaye. Can dare ya raba sai ya kama hannuna, yana raɗa, wai ga mutane can a taga da bindigogi, a kashe fitila, a kwashi yara a hau dutse. Ya fizge robar ƙarin ruwa, ya yunƙura zai sauko a kan ƙafar da aka yi wa aiki. Na rungume shi ina cewa, "Kaka, ni ne, muna asibiti." Ya dube ni ya ce, "Kai yaron wane ne?" Da gari ya waye kuma sai ya zama wani mutum dabam, ya langaɓe, ido rabi a rufe, kunu na zubowa ta gefen baki. Wajen hantsi ya ɗan dawo, har ya gane kakata, kafin la'asar kuma ya sake tafiya.

Dangi suka taru a inuwa bayan ɗakin, kowa da tasa. Goggona ta ce iska ce ta shafe shi a makewayi, shi ya sa ma ya faɗi. Wani maƙwabcinmu ya ce gigin tsufa ne, haka nasa uban ya yi, sai haƙuri. Wani ya ce a ɗaure shi a gado a ƙara masa maganin barci, wani kuwa ya ce a wuce da shi asibitin ƙwaƙwalwa na hanyar Baga. Kakata ba ta ce kome ba sai da kowa ya gama, sa'an nan ta ce ita a ganinta magagin mutuwa ne, a aika wa sauran 'ya'yansa su zo.

Ana cikin haka sai ga wata likita, yarinya ce ma, ta zo zagaye. Ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce, "Baba, ina kwana? Ina mu ke yanzu?"

Ya ce, "Aji huɗu."

Ta ce, "To, Baba, a lissafa mini ranakun mako, a fara daga Lahadi a koma baya."

Ya ce, "Lahadi, Asabar," sai ya tsaya yana tsintar wani abu a kan zanen gado wanda shi kaɗai ke gani. Jama'a, mutumin da ke raba dubbai a ka!

Likita ta juyo gare mu ta yi tambaya huɗu. Haka ya ke a gida? Muka ce a'a. Yaushe ya fara? Muka ce kwana biyu ke nan. Yana zuwa yana tafiya? Muka ce i. Sa'an nan ta ce, "Ban da abin da muka rubuta, akwai abin da aka ba shi? Ko na gargajiya, ko na kemis, ko mene ne." Wuri ya yi tsit. Can sai Baba Ƙarami ya sa hannu aljihu ya fito da katin ƙwayoyin. Ta duba ta ce diyazafam ne, wanda aka fi sani da Valium, samari kuma na kiransa D5. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Baba, kun kyauta da kuka nuna mini, yanzu na san inda zan fara."

Ta bayyana mana cewa gigin tsufa a hankali ya kan shigo, wata da watanni, shekara da shekaru, kamar yadda gara ke cin azara. Wannan kuwa farat ɗaya ya zo, yana zuwa yana tafiya, ya fi tsanani da dare, babbar alamarsa kuma ita ce mutum ya kasa tsai da hankalinsa wuri ɗaya. Likitoci na kiransa diliriyam. Ni dai zan kira shi magagin jinya, don ya yi kama da magagin barci, sai dai shi ya kan yi kwanaki. Ta ce yawanci akwai abubuwan da suka jawo shi, in an neme su an kawar, mutum ya kan dawo. Ta kuma ce ƙwayar ba ita kaɗai ba ce, ta dai tarar da kaya ya yi nauyi ta ƙara nata.

Sai ta shiga neman sauran. Ta sa aka duba fitsari da jini, ta saurari ƙirji. Ta ga harshensa ya bushe, ta ji kwana huɗu bai yi bayan gida ba. Ta tsai da ƙwayar barci, ta sa a riƙa ba shi maganin zafin ciwo a kan lokaci ba sai ya yi kuka ba, ta sa aka cire robar fitsari. Mu kuma ta ba mu namu aiki. Ta ce a kawo masa tabaraunsa daga gida, a buɗe taga da rana, a rage fitila da surutu da dare, a riƙa ba shi ruwa kaɗan kaɗan, kowace safiya a gaya masa ranar da a ke ciki da inda ya ke. Ta hana a ɗaure shi. Masu gashin ƙashi suka zo suka zaunar da shi, kashegari suka tsai da shi da ƙarfen dogarawa.

Ran kwana na biyar da safe ina juya masa kunu, sai na ji an ce, "Kai, ɓarawon mata, na kwanta kwana biyu har ka sami sarari ko?" Kakata ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata. Amma kada in ruɗe ku, bai koma yadda ya ke nan da nan ba. Ya yi wajen wata uku in ya fara lissafi sai ya gaji, sunan baƙo kuma ba ya zama a kansa. Yanzu ya koma gindin dogonyaronsa. Ƙananan lissafi yana yi a ka, dogaye kuwa sai ya ce a miƙo masa fensir.

To, me ya sa ƙwayar da saurayi zai sha ya tashi garau ta kan yi wa tsoho haka? Ga abin da na samu. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari wanda aikinsa kwantar da jijiyoyi, kamar monita mai cewa aji a yi shiru. Diyazafam da 'yan'uwansa ƙarfi su ke ƙara wa wannan monita. In aji na da hayaniya, shirun na da amfani. Amma ƙwaƙwalwar tsoho da ma muryoyinta sun ragu, in aka ƙara mata shiru sai a rasa mai amsa tambaya. Ban da haka, hanta ita ce mai narkar da wannan magani, hantar tsoho kuwa ta rage sauri. Maganin kuma a cikin kitse ya ke maƙalewa, jikin tsoho ko da ramamme ne rabon kitsensa ya fi na saurayi, rabon ruwansa kuwa ya ragu.

Bari mu yi lissafi, tun da mu malamai ne. A shekarar 1975 waɗansu likitoci a Amurka suka auna tsawon lokacin da rabin diyazafam ke ɗauka kafin ya bar jiki. Suka tarar a jikin ɗan shekara 20 wajen awa 20 ne, a jikin ɗan shekara 80 kuwa wajen awa 90. Watau kusan kowace shekara ta haihuwa da awarta. Ke nan in an ba tsoho ƙwaya yau da dare, gobe war haka wajen kashi huɗu cikin biyar na nan bai fita ba, sai kuma a ɗora masa wata. Kakana ƙwaya shida aka ba shi cikin dare uku. A bisa wannan lissafi, daren nan na uku ƙarfin ƙwaya kusan biyar na jikinsa. Har wa yau, in hanta ta narkar da shi, wani maganin barcin ta ke mai da shi, wanda shi ma ya kan daɗe. Shi ya sa ko da aka tsai da ƙwayar, sai da aka yi kwanaki kafin ta sake shi.

Ba diyazafam kaɗai ba ne. Akwai wani sinadarin kuma a ƙwaƙwalwa, asetilkolin, wanda ke riƙe da natsuwa da tunawa, shi kuwa raguwa ya ke yi da tsufa. Magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan, waɗanda mutanenmu kan sha don su yi barci, tare masa hanya su ke yi. Akwai kuma wata allurar kashe zafi mai suna fetidin, wadda wani bincike da aka buga a Amurka a 1994 ya nuna tana da hannu a ruɗewar tsofaffi bayan fiɗa, ita da dangin diyazafam. Tun a 1991 wani likita Ba'amurke, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ya kamata a kauce musu ga tsofaffi. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta kan sabunta jerin, ta kuma sabunta shi a 2023, duk waɗannan da na ambata suna ciki.

Kada wani ya ɗauka ina zargin banju, ko ina hana tsofaffi zuwa asibiti. Kafin ran 16 ga Oktoba, 1846, sa'ad da wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa mutum eta a birnin Bostan aka yi masa fiɗa bai ji zafi ba, danne mutum a kan yi a yanka yana ihu. Banju rahama ce babba. Tsohon da ƙugunsa ya karye kuwa in an bar shi kwance, gyambon kwanciya da ciwon huhu su ne ke jiransa. Sai dai likitoci sun daɗe da lura cewa kan tsoho ba ya ɗaukar abin da kan yaro ke ɗauka. A 1955 wani likita a Oksfod ta Ingila, Dakta Bedford, ya rubuta a mujallar Lancet labarin tsofaffi 18 waɗanda suka shiga fiɗa da hankalinsu suka fito ya lalace ƙwarai. A 1998 kuma aka buga wani babban bincike a wannan mujalla, wanda aka yi a ƙasashen Turai da Amurka kan mutum 1,218 da suka kai shekara 60 aka yi musu babban aiki. An gwada tunaninsu kafin aiki da bayansa. Bayan mako ɗaya, wajen 26 cikin 100 tunaninsu ya ragu. Bayan wata uku, wajen 10 cikin 100. Ku lura da wannan lissafi ta fuska biyu. Abin yana da yawa, amma mafi yawansu sun warware.

Da na ji haka sai na tambayi kaina, ko allurar gadon baya ta fi banjun da ke sa mutum barci gaba ɗaya? An gwada. A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka da Kanada kan mutum 1,600 masu karayar ƙugu, rabi aka yi musu allurar baya, rabi aka sa su barci. A kowane ɓangare wajen mutum ɗaya cikin biyar ya yi magagin jinya. Ashe ita kanta karayar, da fiɗar, da zafin ciwo, da baƙon wuri, su ma suna girgiza ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wani sabon maganin kwantar da jiki mai dogon suna, deksmedetomidin. A wani gwaji a birnin Bejin na ƙasar Sin, wanda aka buga a 2016, an raba tsofaffi 700 kashi biyu bayan fiɗa. Waɗanda aka ɗiga musu shi kaɗan kaɗan, 9 cikin 100 suka ruɗe, waɗanda ba a ba su ba kuwa 23 cikin 100. Amma wani gwajin a Amurka a 2017, inda aka ba da shi a lokacin fiɗar, bai nuna wannan amfani ba. Maganin kuma yana rage bugun zuciya, sai a ɗakin da a ke lura da mutum dare da rana. Wannan zaɓi na likitan banju ne, shi da ke tsaye a kan majinyaci da na'urorinsa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa ba a kemis a ke sayensa ba. Wata likita a Jami'ar Yel ta Amurka, Sharon Inouye, ta buga wani gwaji a 1999 kan tsofaffi 852 da suka kai shekara 70, waɗanda ke kwance a asibiti saboda cututtuka dabam dabam. Rabinsu aka kula musu da abu shida: raunin tunani, da rashin barci, da yawan kwanciya, da raunin gani, da raunin ji, da ƙarancin ruwa a jiki. Maimakon ƙwayar barci, sai a ba tsoho madara mai ɗumi ko shayin ganye, a sa masa kiɗa mai taushi, a murza masa baya. A cikin waɗanda aka yi wa haka wajen 10 cikin 100 suka ruɗe, a cikin sauran kuwa 15. A 2001 aka gwada irin wannan kulawa ga masu karayar ƙugu 126 a Bostan, inda likitan tsofaffi ke duba su kullum, ruɗewa ta sauko daga 50 cikin 100 zuwa 32.

Ku duba fa, 'yan'uwa. A can Amurka sai da aka horar da ma'aikata da 'yan sa kai don su yi waɗannan abubuwa. Mu kuwa a nan, kowane gado da ɗan jinyarsa a gindi, da tabarmarsa da butarsa. Likitocin tsofaffi sun yi mana kaɗan, cibiyar farko ta kula da tsofaffi a Nijeriya ma sai a 2012 aka buɗe ta, a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Amma 'yan jinya Allah ya hore mana su. Abin da ya rage shi ne ɗan jinya ya san aikinsa. Ga abin da na ke roƙon kowanenmu ya riƙe, ya kuma koya wa wani.

Da fari, kafin a yi aiki, a kwashe duk magungunan da tsoho ke sha a zuba a gaban likita, na asibiti da na kemis da na gargajiya. In yana shan giya ko ya saba da ƙwayar barci, a faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan na da muhimmanci ƙwarai, gama wanda ya yi watanni yana shan diyazafam in aka yanke masa farat ɗaya, ruɗewa ce za ta kama shi, har da farfaɗiya. Irinsa a hankali likita ke janye masa. Kakana dare uku kaɗai ya sha, shi ya sa aka iya tsayarwa nan take.

Na biyu, kada a ba majinyaci ko ƙwaya ɗaya wadda likita bai sani ba, kome ƙanƙantarta, kome tausayin da a ke ji. Garin neman gira a kan rasa ido.

Na uku, in tsoho ya kasa barci ko ya fara fizge-fizge, a nemi dalili. Ciwo ne ke cinsa? Fitsari ne ya ƙi fita? Ciki ne ya ɗaure? Zazzaɓi ne? Ƙishirwa ce? Zafin ciwon da ba a kashe ba shi ma yana ruɗa mutum, saboda haka kada a hana shi maganin zafi don tsoro, a dai bar likita ya zaɓa ya auna.

Na huɗu, a kai masa tabaraunsa, da abin jinsa in yana da shi, da abin da ya saba riƙewa a gida, ko tasbaha ko littafin addu'a ko rediyo. Rana ta zama rana, dare ya zama dare. Masu gaisuwa su shigo biyu biyu, su faɗi sunansu, kada a cika ɗaki. In ya ce ga mutane a taga, kada a yi gardama da shi, kada kuma a yi masa dariya. A riƙe hannunsa a gaya masa inda ya ke, da wanda ke tare da shi.

Na biyar, a ji tsoron shiru kamar yadda a ke tsoron sambatu. Tsohon da ya langaɓe yana gyangyaɗi yini guda, ba ya ci ba ya magana, sau da yawa shi ma magagin jinya ne, sai dai don bai dami kowa ba sai a ce yana hutawa. Kai da ka san shi a gida, kai za ka gane ba haka ya ke ba. Gwada shi da ranakun mako a koma baya. In ya kasa, je ka gaya wa nas ko likita, ka faɗi ranar da abin ya fara.

Na shida, in an sallamo shi a yi haƙuri da shi. Kada a karɓe masa makullin ɗakinsa ko a daina shawara da shi don ya yi sambatu a asibiti, kada kuma a riƙa ba da labarin abin da ya faɗa ana dariya a gabansa. In watanni sun wuce mantuwa na ƙaruwa, a mai da shi a duba, gama wanda ya taɓa yin magagin jinya ya fi wanda bai yi ba hatsarin kamuwa da gigin tsufa daga baya.

A darasin kiwon lafiya mu kan koya wa yara wanke hannu, da tafasa ruwa, da kwana cikin gidan sauro. Ina ganin in mun ƙara musu da cewa maganin babba ba na yaro ba ne, na saurayi kuma ba na tsoho ba ne, za su kai maganar gida, wata rana ta yi amfani. Ina kuma roƙon hukumar kwalejinmu, in da hali, ta gayyato mana wani likita ko nas ya zo ya yi mana lacca a kan jinyar tsofaffi kafin mu fita, don mu yi masa tambayoyi baki da baki. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.